Jajen da Na Kai Ƙofar Gilashi

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan magariba

Ba ta zo ba.

Matata Balki ta tuƙa tuwo tun azahar, ta kaɗa miyar kuka da man shanun da aka kawo mata daga Zariya, ta rufe kwano ta ajiye a kan tebur. Har yanzu yana nan. Na ce ta ɗauke, ta ce ai jirgin ƙasa yakan yi latti ranar Lahadi. Shekara talatin ina Bronx, ni za ta gaya wa halin jirgin ƙasa.

Tun da 'yarmu ta shiga cikin mutanen nan na ginin Manhattan, masu kiran abinsu addini, ta bar salla, ta bar ɗankwali, ta bar ɗakinta na gidan nan. Shekara shida ke nan. Lahadi ce kaɗai ba ta bari ba. Takan zo ta ci, ta wanke kwanuka, ta tambaye ni gwiwata, ta tafi. Ba ma taɓo maganar addini. Na daɗe da sanin abin da ya rage mini a wurinta ke nan, kuma in ya tafi babu wani a bayansa.

Litinin, 7 ga Oktoba, hantsi

An nuna ginin a talabijin. An fito da shugaban reshensu hannu a baya, ya rufe fuska da kwat. Mai karanta labarai ta jero tuhume-tuhumen. Na ji su duka, na kuma fahimta, Turanci bai taɓa zama matsalata ba. Ba zan rubuta su a nan ba.

'Yarmu a teburin karɓar baƙi take aiki. Murmushi take yi wa masu shigowa, ta nuna musu wurin zama. Ba a ambace ta ba.

Balki ta yi ta kiran wayarta ba a ɗauka. Can sai ga saƙo da Turanci: tana lafiya, aiki ne ya yi yawa, kada mu yarda da abin da muke gani.

Tarihi na karanta. Na koyar da shi a kwalejin horon malamai kafin in zo ƙasar nan neman digiri na uku, in ƙare da tuƙin tasi ina jiran fasinja a filin jirgin JFK har gwiwa ta ce ta gaji. Duk karatun nan abu guda ya bar mini: in aka kama babba, ƙanana ake takawa wajen fito da shi.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Abdoulaye ya zo. Mutumin Maraɗi ne, mun san juna tun ina tuƙi. Da a Canal Street yake kasa kaya, yanzu teburinsa yana kusurwar titin da ginin nan yake, yana sayar da huluna da safar hannu da cajar waya. Bai saba tashi kasuwa da rana ba, shi ya sa da na gan shi na san ba lafiya ba.

Ya ce, “Malam, abin ya ɓaci. Tun da sahe suna nan, da kwalaye da lasifika. Kowa waya a hannu, duk wanda ya shiga ko ya hito sai an ɗauke shi. 'Yan sanda sun jera ƙarahunan shinge, teburina ya koma bayan kwandon shara. Wa zai sayi hula a bayan shara? Mai shagon wanki ma ta ruhe. Mai kofi ya sallami yaransa biyu.”

Na ce, “Ka gan ta?”

“Ɗiyarka? Kullum. Kai a ƙasa take wucewa.” Ya juya kofin shayi a hannunsa. “Sun san sunanta, Malam. Ban san inda suka samo shi ba. Suna kiranta kamar su suka yi goyonta.”

Balki ta tashi ta shiga kicin.

Ni ban taɓa kiran wannan suna ba. 'Yar fari ce. Haka na tashi na ga ubana yana yi da yayana, har ya rasu “kai” yake ce masa, ko “yaron nan”, kuma duk gidan an san babu wanda yake so kamarsa. Ni ma “ke” nake cewa, ko “yarinyar nan”. Tana ƙarama ta taɓa tambayar uwarta ko na manta sunan ne. Balki ta yi dariya ta yi mata bayanin alkunya. Ban san ko bayanin ya shiga ba. Yaran ƙasar nan suna jin Hausa, amma da kunnen Turanci suke jinta.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Masallacinmu ɗakin ƙasa ne a bayan Fordham Road, tsakanin mai aski da mai sayar da katin waya. Wurin ba ya ɗaukarmu, kullum kafaɗa da kafaɗa muke. Yau na sami sarari dama da hagu.

Da aka idar, Mutaru ya tare ni wajen takalma. Mutumin Kumasi ne, shugaban kwamitin masallaci, sana'arsa aika durom-durom na kaya gida. Bai rage murya ba.

“Malam Alkasim, yarinyanka ya fito a waya, paa. Kowa ya gani. Wallahi mun ji maka kunya.”

Na ce, “Na gode da ka ɗauke mini nauyin.”

“A'a, ba faɗa ba ne. Amma kai mai boko ne, kai kake karanta mana takardun gwamnati. Yaya ɗanka na cikinka ya shiga wannan wuri kana kallo?”

Na sunkuya na ɗauki takalmana. Mutumin da in aka aiko masa takardar kotu sai ya zo yana rawar jiki in fassara masa, yau shi yake yi mini tambayar jarrabawa. Kuma tambayar tasa daidai ce, abin haushin ke nan.

Na dawo na tarar mata biyu sun janye 'ya'yansu daga renon da Balki take yi. Ɗaya ta ce ta sami wuri kusa da aikinta. Ɗayar ba ta ma wahalar da kanta da ƙarya ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan magariba

Ba ta zo ba. Tuwon shinkafa ne yau.

Talata, 15 ga Oktoba, hantsi

An kunna na'urar ɗumama gida, bututun yana ta ƙwanƙwasa kamar maƙeri. Ina zaune ina sauraronsa Balki ta zo ta tsaya a kaina.

“Malam, kai ne uba. Tashi ka je.”

“In je ina?”

“Jaje. Masifa ta faɗa wa gidan da 'yarka take ci take sha. Ko gidan boka ne ai a je a ce Allah ya kyauta.”

Na ce, “In yi wa waɗanda suka ɗauke mini 'ya jaje? Ai da tukwici ya kamata in kai wa 'yan sanda.”

Ta ce, “Ba don su ba. Don ta ga ƙafarka.”

Na yi mata dogon bayani a kan yadda irin waɗannan ƙungiyoyi suke, inda suka samo asali, yadda suke kama marasa gata da masu kaɗaici. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “To. Babbar rigarka fara zan goge ko shuɗiya?”

Shuɗiya na ce.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Balki ta ce in aika mata saƙo tukuna cewa ina tafe. Na ƙi. Ba a sanar da jaje. Wanda ya aiko yana tambaya ko ya zo, ba ya son zuwa ne.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, bi da bi, don in ga inda ƙafata ta zame.

Na sauka daga jirgi na tarar da Abdoulaye ya rufe teburinsa da leda yana jirana, don ba a zuwa jaje mutum ɗaya kamar ɓarawo. Tun daga kusurwa ake jin lasifika. Mutanen ba su kai yadda talabijin take nunawa ba, amma hayaniyarsu ta ishi kasuwa. Akwai matasa masu neman abin ɗauka a waya. Akwai kuma waɗanda na ga idonsu na san wani nasu ne a ciki, ko su da kansu suka fito daga ciki da rauni. Waɗannan ba sa ihu sosai.

Ƙofar gilashi ce, babba. Mai gadi yana ciki yana kallonmu. Na gyara riga, na yi sallama, na ƙwanƙwasa a hankali. Na ce masa da Turanci ni mahaifin ma'aikaciyarsu ne, na zo in gaisa da shugabanni a kan abin da ya same su. Ban san me ya ji ta cikin gilashi ba. Ya ɗaga mini yatsa alamar in jira, ya juya yana magana a wayarsa.

Ƙofar ba a kulle take ba. A gabana wata mata ta tura ta shiga. Abdoulaye ya ce, “Malam, mu tura mana.” Na ce a'a. Ba a yi mana iso ba. Ban taɓa shiga gidan mutum ba a ce mini in shigo ba, ba kuwa zan fara da gidan da nake ƙi ba, su ce uban nata ma ba shi da tarbiyya.

Sai wani ɗan sanda ya zo. Ya ce ba a tsayuwa a bakin ƙofa, ko mu shiga ko mu koma bayan ƙarfe. Na ce muna jiran a kira mu. Ya ce to mu jira a bayan ƙarfe.

Bayan ƙarfe kuwa nan masu zanga-zangar suke.

Mun daɗe a tsaye. Gwiwata ta fara. Wata dattijuwa Baturiya ta lura, ta tashi daga kujerarta ta naɗewa ta ce in zauna. Na yi godiya na zauna. Ban duba bayan kujerar ba. Ashe kwali ne a ɗaure, da rubutu manya-manya.

Wani saurayi mai lasifika ya durƙusa a gabana, da ladabi ƙwarai, ya ce, “Yallaɓai, kana da wani a ciki ne?” An tambaye ni, na faɗi gaskiya. Na ce 'yata. Ya tambayi wacce, Abdoulaye ya ce ta teburin karɓar baƙi. Kafin in rufe baki wayoyi sun juyo kaina kamar kaji sun ga tsaba. Aka fara tafi. Wata ta rungume ni tana kuka a kan rigata. Na yi ta cewa ba abin da ya kawo ni ke nan ba, amma kalmar jaje ba ta da 'yar'uwa a Turanci, kuma ba wanda yake sauraro.

Sai ga yarinyar nan ta fito. Ina jin mai gadin ne ya isar da saƙo a ƙarshe. Ta rame. Abokan aikinta biyu suna biye da ita. Titi ya ɗauka da sunanta, kowa yana ihu, ga babanki, ki koma gida, ki fito daga cikinsu. Ta bi su da ido har ta same ni, cikin shuɗiyar riga, a zaune a tsakiyarsu.

Ta tsaya. Ba ta koma ba, ba ta matso ba. Kallona take yi.

Na miƙe. Na ɗaga hannu. Abdoulaye yana zungurina, “Kira ta, Malam! Kira sunanta!”

Na buɗe baki na ce, “Ke.” Na ƙara cewa, “Ke, yarinya.”

Ta ɗan ƙara jira. Sannan ɗaya daga cikin abokan aikin nata ya kama gwiwar hannunta, suka juya. Gilashin ya rufe.

Jirgi ɗaya muka hau da Abdoulaye, ya riga ni sauka.

Juma'a, 18 ga Oktoba, azahar

A gida na yi salla.

Asabar, 19 ga Oktoba, hantsi

Hoton ya zagaya. An rubuta a kansa: uba ya zo ƙwato 'yarsa. An sa masa kiɗa mai ban tausayi. Na fito da kwarjini, ban ƙi faɗa ba, rigar ta sha guga. Har daga Zariya ƙanena ya kira yana tambaya ko gaskiya ne na shiga siyasa.

Balki ta kalla sau ɗaya, ta kife wayar a cinyarta.

Ta ce, “Na ce ka je ta ga ƙafarka. Ta gani.”

Lahadi, 20 ga Oktoba, la'asar

Balki ba ta ɗora tukunya ba. Mun ci burodi da shayi.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Na san littattafan ƙungiyar nan fiye da yadda suke zato. Shekarar da ta shiga na saye su na karance, da jan biro a hannu, kamar ina duba jarrabawar ɗalibi. Ina shirin ranar da za mu zauna in warware mata su ɗaya bayan ɗaya. Ranar ba ta zo ba, don na ga in na yi nasara a muhawara zan rasa Lahadi.

Akwai abin da suka tanada game da ɗan'uwan da ya tsaya tare da maƙiyansu. Na tuna shafin, na tuna har inda na ja layi. A lokacin na rubuta a gefe: wannan ba zai shafe ni ba.

Tantabaru sun yi sheƙa a kan matakalar gudun gobara. Mai gidan hayar ya ce a kore su. Ban kore su ba, ba don tausayi ba, tagar ce ba ta buɗuwa.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Ta zo.

Ta daidaici lokacin Juma'a, tana zaton ina masallaci. Da ta gan ni a falo sai ta tsaya riƙe da mabuɗi. Ta gaishe ni da Hausa, ta ɗan russuna kamar yadda aka koya mata. Daga nan duk da Turanci ta yi, ni kuma ina mayar mata da Hausa, kamar kullum.

Ta shiga tsohon ɗakinta ta fito da rigar sanyi da wata 'yar jaka. Balki tana bin ta tana cewa ta zauna ko ruwa ta sha.

Ta ce, “Baba, me ka je yi?”

“Jaje na je.”

“Jaje. A kan kujerarsu?”

“Gwiwata ce.”

Ta yi wata dariya da ba dariya ba. Ta ce, “Ka san an tofa mini yawu? An bi ni har cikin jirgi ana ɗaukata. Wani ya aiko mini cewa ya san tagar ɗakina. Ni ban saci komai ba, ban taɓa kowa ba, waya nake ɗauka ina cewa barka da zuwa. Mutanen da ba su taɓa ganina ba suna ihun sunana tun safe har yamma, har na tsani jinsa. Da aka ce mini kana waje, na fito da gudu. Na gan ka a cikinsu, amma duk da haka na tsaya. Na ce yau dai zai kira ni, in ji shi sau ɗaya a bakin wanda ba ya ƙina.”

Na ce, “Kin san al'adarmu.”

“Na sani. Mama ta gaya mini tun ina ƙarama. Girmamawa ce, ko? Na gode.”

Balki ta ce, “Haba 'yar nan, ubanki ne fa.”

Ta ce ta sani, shi ya sa ta roƙa aka ba da hanya. Shugabanninta sun ce dole ta yanke hulɗa da ni, sai fa in zan shiga ginin in zauna a gaban kyamararsu in ce masu zanga-zanga ne suka yi amfani da ni, kuma ba ni da wani ƙorafi a kan ƙungiyar.

Na ce, “Na farkon gaskiya ne, zan faɗa ko a gaban alƙali. Na biyun ƙarya ne.”

“Jimla ɗaya ce, Baba.”

“In ce ba ni da ƙorafi a kan waɗanda suka raba ki da alƙibla?”

Ta dube ni. Idon uwata ne da ita, ban taɓa gaya mata ba. Ta ce, “To.” Ta sumbaci Balki a goshi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce in riƙa shan maganin gwiwar bayan abinci, ba kafin ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, hantsi

Ban yi kuskure ba. Mutum ba ya zama a gaban kyamara ya wanke azzalumai. Akwai dattijuwar nan da ta ba ni kujera, ɗanta ne a ciki, ta ce rabonta da muryarsa tun yana saurayi. In na faɗi abin da suke so, ita za su jefa da shi.

Ban yi kuskure ba.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Balki ta daina yi mini magana sai ta dole. Tana ajiye abinci ta wuce. Yau na ce mata, cikin lalama, ita ma ta san ba a sayen ɗa da ƙarya.

Ta ce, “Gaskiyar taka za ta zo maka ranar Lahadi?”

Alhamis, 31 ga Oktoba, la'asar

Yaran unguwa suna yawo da kayan dodanni suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Shekarar da yarinyar nan ta fara makaranta ta yi kuka sai an saya mata fukafukai, na ce ba ma yin wannan. Balki ta yanka mata na kwali a ɓoye. Na gani na yi kamar ban gani ba.

Wataƙila in faɗi jimlar da Turanci. Abin da na faɗa da Turanci bai taɓa zama mini kamar ni na faɗa ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, hantsi

Gwiwa ta kumbura. Litinin in Allah ya so.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na tafi ni kaɗai, da kwat da wando, ba babbar riga. Tun a jirgi nake maimaita jimlar har ta daina ɗaci. Na ƙudura ba zan yi sallama ba, ba zan jira iso ba, zan tura ƙofar in shiga kamar kowane mara kunya na garin nan.

Daga kusurwa na ji shiru. Babu lasifika, babu ƙarafuna. An manne gilashin da takarda mai ruwan ƙasa daga sama har ƙasa. Na tura. A kulle.

Teburin Abdoulaye ya dawo kusurwarsa daga bayan kwandon shara, mata biyu suna gwada huluna. Fuskarsa cike da murna, kasuwa ta dawo. Da ya gan ni murnar ta ɗauke.

“Malam, ba a gaya maka ba? Sun ruhe reshen. Ranar Asabar da sahe motoci suka zo, aka kwashe ma'aikata, an ce wata jiha za a kai su. Masu ihun ma da suka ga babu wanda za su yi wa, kowa ya kama gabansa.”

Na ce, “Tana cikin waɗanda aka kwashe?”

“Tana ciki. Ta tsaya nan ta gaishe ni.”

“Ta ce wani abu?”

Ya shiga gyara safar hannu da ba su karkace ba. “Ta ce in gaida Mama.”

Ya ba ni kujerarsa. Na ce a'a, na gode, na daina zama a kujerar mutane.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan magariba

Wayar Balki ta yi ƙara, ta duba, ta shige banɗaki ta kunna famfo. An bar mata uwarta, tunda ita ba ta fito a hoto ba. Ta cikin ƙarar ruwa na ji Balki tana cewa, “Kina cin abinci dai?”

Da ta fito na tambaye ta wane gari ne. Ta ce ta yi alkawari. Matar da na ɗauko daga gidan ubanta ba ta taɓa hawa jirgin sama ba, yau ita take ɓoye mini sunan gari a ƙasar da na zagaye da mota.

Ban matsa ba. In na sani ma, wace ƙofa zan tsaya?

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Na koma masallaci, don zaman gida ya ishe ni.

Tun daga matakala aka fara miƙo mini hannu. Mutaru ya taso da kansa ya karɓi takalmana.

“Malam Alkasim! Namiji! Mun ga abin da ka yi, paa. Ka je har ƙofansu da babban riga, ka zauna, ba ka ji tsoro ba. Sati biyu wurin ya rufe. Wallahi ka wanke mu.”

Na ce ba haka aka yi ba. Ya ce wa na kusa da shi, “Ka ji tawali'u?” Ya ce matan nan ma za su dawo wa Hajiya Balki da yara ranar Litinin. Ya ja hannuna har sahun gaba, bayan liman, inda ban taɓa zama ba duk shekarun nan da nake karanta musu takardu.

Bayan an sallame, liman ya juyo ya ce a yi addu'a ta musamman, saboda abin da Allah ya yi ta hannun ɗan'uwanmu. Aka ɗaga hannuwa. Ya roƙi Allah ya ƙara tarwatsa mutanen nan, ya raba kansu, ya hana su zama lafiya duk inda suka sauka, kada ya dawo da ko ɗaya daga cikinsu garin nan.

Ɗakin ƙasan ya amsa har bututu yana rawa. Hannuwana suna sama tare da na kowa. Ban san abin da bakina ya yi ba.

Da muke fita Mutaru ya dafa kafaɗata, ya ce amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi.